Lambar Mijin Yaya Ta Farka

A gidanmu ɗan sanda ake kirana. Ban taɓa sa kaki ba, hali ne kawai: tun ina yaro ba na karɓar magana yadda aka miƙo ta. In mai nama ya yi mini gyara ban roƙa ba, sai na shinshina. In baƙo ya yi sallama ya ce wane yake nema, sai na tambaye shi a ina suka san juna. Mahaifiyarmu ta yi faɗa har ta gaji, kullum tana ce mini zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya. Da rikici ya shigo Maiduguri kowa ya koma irina, sai aka ɗan rage yi mini dariya.

Aikina ma ya dace da halin. Ina aiki da wani ƙaramin kamfanin intanet a unguwar Moduganari. Kowane kamfani irin namu yana da lambarsa ta rajista da adireshin da aka ware masa, kamar fili da takardarsa, kuma akwai hukuma a wata ƙasa da ke riƙe da rajistar. In kamfani yana aiki, na'urorinsa suna yi wa na sauran kamfanoni shela cewa duk mai neman waɗannan adireshi ya biyo ta wurinsu. Abin da ya tayar mini da hankali ranar da na gane shi, sau da yawa ba a tambayar mai shelar wata hujja. Ya faɗa, an yarda, an wuce. Mutum irina ya ji cewa haka duniya take tafiya, ai dole barci ya ƙaurace masa.

In kamfani ya rufe, shela ta tsaya, amma lambar tana nan a rajista tana barci. Irin waɗannan ɓarayi ke nema. Su tashe ta, su yi shela da sunan mai ita, su riƙa aika saƙonnin damfara ta cikinta, in an biyo sawu a tarar da sunan wani bawan Allah da bai ji ba bai gani ba. Don haka na tara 'yan lambobin kamfanonin yankinmu da rikici ya rufe, kowace safiya kafin in sha shayi ina duba su a kwamfuta. Mai barci layinta dishi-dishi yake. Wadda aka tasa sai ta yi kore. Shugabana ya ce ba ya biyana don gadin gidan da ba kowa, amma bai hana ni ba.

Ɗaya daga cikinsu ta mijin yayata ce.

Shi ya koya mini aikin, Oga nake ce masa har a teburin abinci. Mutum ne mai dariya da cika baki, ya yarda da kowa, har yakan ce mini wata rana zan nemi katin shaida a wurin inuwata. Wata safiya a tsakiyar rikicin ya ɗauki mota zai je gyaran eriya a kudu, wajen ƙauyukanmu, bai isa ba bai kuma dawo ba. Ba a ga motar ba, ba a ga gawa ba. Kamfanin ya mutu a hankali, aka sauke eriyar, aka rufe ofis. Mahaifinsa, wanda duk muke kira Baba, tsoho ne a ƙauye, kowace Kirsimeti sai ya aiko a ce wa Yaya ta bari a sa rana a yi wa ɗansa addu'ar jana'iza kafin shi ma ya tafi. Amsarta ba ta canza ba: ba ta binne wanda ba ta ga gawarsa ba. Malamar firamare ce, tana zaune a Bulabulin, ta rena 'ya'yanta mata biyu har suka girma, kuma har a lokacin da nake ba da labari “in ya dawo” take cewa, kamar ya je kasuwar Gamboru cefane.

Wata safiya na buɗe kwamfuta na ga layinsa ya yi kore.

Na rufe na sake buɗewa. Kore. Na duba inda shelar ke fitowa, wata ƙasa ce can ƙetaren teku da Oga bai taɓa ambatarta ba. Raina ya ɓaci, irin ɓacin ran wanda ya tarar da baƙon takalmi a ƙofar ɗakin ɗan'uwansa. Ina zaune ina tunanin yadda zan kashe maganar ba tare da Yaya ta ji ba, sai ga kiranta. Ta ce in zo makaranta yanzu-yanzu.

Na same ta a bakin aji, yara sun fita hutun tara. Fuskarta ta tsorata ni, domin rabon da in ga irin wannan hasken a idonta har na manta.

“Auta, Ubangiji ya ji kukana,” ta ce. “Wani Bature ya kira ni. Ya faɗi sunan mijina, cikakke fa, har da na Baba. Ya ce sabis ɗinsa yana aiki, yana ta aika saƙo.”

Sai na tuna. Lokacin rajista Oga ya sa lambar wayarta a matsayin ta biyu, wai ita ce ba ta canza layi. Shi Baturen, ƙorafi ne ya sa ya kira. Ita kuwa a cikin duk Turancinsa kalma biyu ta riƙe: yana aiki.

“Yaya, wani ma zai iya tayar da lambar,” na ce.

“Wani wa? Ba a gabanka yake faɗa ba? Wannan lambar ba mai taɓa ta sai shi, kalmar sirrin a kansa take. Ko ka manta?”

Ban manta ba. Yakan faɗa yana buga goshinsa da yatsa. Na ce mata ta ba ni lokaci in bincika. Ta ce in bincika, ai aikina ke nan, amma in sassauta fuska, ba mutuwa aka yi ba.

Zargina na farko ya sauka a kan Alhaji. Shi ne abokin haɗin gwiwar Oga, Babarbare ne mai shagon kayan sola a Gamboru, kuma a hannunsa mabuɗin ofis da hatimin kamfani suka rage. Na ce a raina da ɗan gari akan ci gari. Wanda ke ƙetaren teku ina ya san wani kamfani da ya mutu a Moduganari, in ba wani ya nuna masa ba? Na hau keke Napep na tafi, ina ta shirya tambayoyi a hanya, waɗanda za su yi kama da hira.

“Wushe, wushe, Injiniya! Yau a gari?” Alhaji ya sa aka kawo shayi. Na tambayi kasuwa, na tambayi iyali, na yaba batiran da ya jera. Na ce ko kwanan nan wani ya zo neman tsofaffin takardun kamfani. Ya ce a'a. Na ce ko ɗaya daga cikin 'ya'yansa yana karatu a waje. Ya ajiye kofinsa.

“Injiniya, gaisuwa ka zo ko bincike?”

Dole na faɗa masa. Ya saurara har na gama, sannan ya jawo aljihun tebur ya fiddo hatimin ya ajiye a gabana. Robar ta bushe ta tsattsage, ko sunan ba ya karantuwa.

“Ni kuɗi na sa, ban san wata lamba ba,” ya ce. “Kai ne kake zama kusa da shi yana buga sirrinsa. Wallahi in ni ne mai zargi, kai zan fara kamawa.”

Maganar ta sosa ni, don babu ƙarya a cikinta. Na miƙe zan tafi, ya riƙo hannun rigata, ya rage murya.

“Amma ka tabbata ba shi ba ne? A garin nan mun ga wanda aka yi wa sadakar arba'in ya shigo da ƙafarsa.”

Wannan ma gaskiya ne, kowa a Maiduguri ya san gida ɗaya ko biyu da hakan ta faru. Na fito daga Gamboru da kayan da ya fi wanda na shiga da shi nauyi. In Oga ne, to yana raye a wata ƙasa, yana da kwamfuta da wuta da intanet, amma bai ɗaga waya ya kira matarsa ba. Ya bar ta tana tsufa a bakin taga. Na yi kwanaki ina jin haushin mutumin da ban san ko yana duniya ba. Na tono tsofaffin abubuwa ina juya su: me ya sa ya tafi shi kaɗai ranar, me ya sa bai ce in raka shi ba, wace ce ta taɓa kiransa ya fita waje ya amsa. Mutumin da ya saya mini kwamfutata ta farko, shi nake yi wa wannan. Na ji kunya, amma ban daina ba.

Da amsar ta fito kuwa, ko ɗan gari babu a ciki. Sunan shafin kamfani haya ake biya masa duk shekara. Bayan ɓatan Oga ba wanda ya sabunta, sunan ya faɗi kasuwa, ba da daɗewa ba wani ya saye shi ya ɓoye sunansa. Wanda ya mallaki sunan shafi, duk imel ɗin kamfanin wurinsa yake zuwa. Sai kawai ya ce wa hukumar rajista ya manta kalmar sirri, aka aiko masa da sabuwa. Abin da Oga ke taƙama yana cikin kansa, ba wanda ya ma nemi saninsa. Ban iya komawa na ba Alhaji haƙuri da baki ba. Na je na sayi fitilar sola da ba na buƙata, ya karɓi kuɗin yana murmushi, mu duka mun san abin da aka yi.

A wannan tsakanin Yaya ta yi nisa. Ta fiddo kayansa daga akwati ta wanke ta goge. Ta faɗa wa zumuntar mata a coci, suka zo gida suka yi waƙa har maƙwabta suka leƙo. Kiran waya kuma bai tsaya ba, sai dai muryoyin sun canza. Wani ya zage ta. Wata mata ta yi ta kuka a waya. Wani ya ce zai kai sunan mijinta wurin jami'an tsaro, kuma duk wanda ya zauna a garinmu ya san wannan ba maganar wasa ba ce. Na roƙe ta ta kashe layin. Ta ce in ta kashe, shi ta ina zai same ta?

Na rubuta wa hukumar rajista na ce an sace lamba. Suka amsa cikin ladabi cewa wanda ke riƙe da ita yana da imel ɗin kamfani da kalmar sirri, don haka a wurinsu shi ne mai ita. Ni kuma wane ne? Mene ne shaidata? Shekara da shekaru ina ƙorafin ba a tambayar hujja a wannan sana'a, ranar da aka tambaya ni aka tambaya. Na yaba musu, na kuma ji kamar in fasa kwamfutar. Abin da suka nema shi ne matar mai kamfanin ta yi rantsuwa a kotu cewa mijinta ya ɓace tun shekaru, kuma iyalinsa sun ɗauke shi a matsayin wanda ya rasu. In babu wannan, lambar za ta ci gaba da aiki da sunansa.

Na je gidanta da la'asar. Tana tsakar gida tana tsinke yakuwa a faranti, rigunansa na rataye a ƙofar ɗaki. Na yi mata bayani tun daga hayar sunan shafi har zuwa kotu. Ba ta ɗago ba sai da na kai ƙarshe.

“Kai tun kana goye ba ka yarda da alheri,” ta ce. “In an ba ka alewa sai ka duba ko da allura a ciki. Yanzu abu ɗaya da na samu a duk shekarun nan, shi ka zo ka karɓe.”

“Yaya, ba shi ba ne.”

“Ka tabbata?”

Na so in ce e in huta. Amma ni da ban taɓa tabbata da komai ba, da na faɗa ma ba za ta yarda ba.

“Na tabbata ɓarayi ne ke aiki da lambar,” na ce. “Ko yana raye ko ba ya raye, wannan ban sani ba. Kwamfuta ba ta nuna shi.”

“Amma kana so in ɗauki Littafi Mai Tsarki in ce ya mutu.”

Ta ci gaba da tsinke ganye. Can ta tambaye ni wane irin saƙo ake aikawa. Na ce irin wanda ake ce wa tsoho bankinsa zai rufe, ya turo lambobin katinsa, a kwashe masa fanshonsa.

“Matar nan da ta yi kuka,” ta ce, “ta ce kuɗin maganin mijinta ne.”

“Haka suke yi.”

“Da sunansa.”

“Da sunansa, Yaya.”

Ta ce in tashi in tafi, tana da girki. Na tafi ina jin kamar na mari uwata.

Ba ta kira ni ba, ni ma ban kira ta ba. Kullum da safe layin yana nan kore, ina kallonsa ina jin tsanarsa. Sai wata ranar aiki na ɗaga kai na gan ta tsaye a ƙofar ofishinmu da kayan zuwa coci, jaka a hammata. Ba ta taɓa zuwa wurin aikina ba. Ta ce in nuna mata. Na juya mata kwamfutar, na sa yatsa a kan layin. Ta sa tabaranta ta sunkuya ta daɗe tana kallon sunan kamfanin da ɗan koren da ke gefensa.

“Wannan ne duka?” ta ce.

“Shi ne.”

“To tashi mu je kotu. In yana raye ya dawo ya yi mini faɗa, zan ɗauka. Amma ba za a kira shi ɓarawo ina da baki ba.”

A kotu akwai layi a gaban ofishin rantsuwa, yawanci mata, wasu da hijabi wasu da ɗankwali, kowacce da takarda a hannu. Da aka zo kanmu, magatakardan ya karanta abin da aka rubuta da sauri kamar mai karanta farashin kaya, ya turo mata Littafi. Ta ɗora hannu, sai ta janye.

“Malam, don Allah, ya halatta mutum ya rantse a kan abin da bai gani ba?”

Ya ɗago ya dube ta, muryarsa ta yi laushi.

“Madam, duba bayanki. Duk layin nan ba wadda ta gani.”

Ta waiwaya ta dubi matan. Ta mayar da hannunta ta faɗi abin da aka ce ta faɗa, kalma bayan kalma, da muryar da take koyar da yara karatu. Ni ne na kasa tsayawa, na fita waje na tsaya kusa da mai sayar da ruwan leda.

Hukumar ta ɗauki lokacinta. Suka nemi ƙarin takardu, na aika, na zargi ko akwai ɗan'uwan ɓarayin a cikinsu, na rasa hujja na haƙura. Yaya ba ta sake tambayata ba. Rigunan dai suna nan a rataye duk lokacin da na je.

Ranar da na buɗe kwamfuta na ga layin ya koma dishi-dishi, na zaci zan ji daɗi. Na zauna ina kallonsa, shayina ya huce. Na duba ta hanya biyu, na sake dubawa ta ta uku, ko ɓarayin sun ɓuya ne kawai. Babu shela daga ko'ina. Hukumar ta karɓe lambar, ta cire sunansa daga rajista.

Asabar ce, tana gida. Na same ta tana wanke-wanke a bakin famfo. Ta dubi fuskata, ta san abin da ya kawo ni.

“An rufe?”

“An rufe.”

Ta ɗauraye tukunyar da ke hannunta ta kife ta, ta goge hannu a zaninta.

“Kira mini Baba.”

Na kira lambar ƙanen mijinta da ke zaune da tsohon a ƙauye, aka kai masa wayar. Na buɗe baki zan yi gaisuwa, ta karɓe daga hannuna. Ina jin muryar Baba tana fitowa, tana rawa, yana tambayar wa ke magana.

“Ni ce, Baba,” ta ce. “Matar marigayi. A sa ranar.”

Baba kunnensa ya yi nauyi. Ya ce wa? Matar wa?

Ta toshe ɗaya kunnenta da yatsa, ta juya mini baya, ta sake faɗa da ƙarfi.